Ƙafar da Muka Baro a Alkahira

Duk fasinjojin jirginmu sun sauka, masu shara har sun shigo, ni da Yaya Ummaru muna zaune muna jiran keken marasa lafiya da aka ce za a kawo mana. Ba a kawo ba. Da na gaji da jira sai na durƙusa a gabansa na ce ya hau bayana.

"Kai Attahiru," ya ce, "likita guda, ka goye ni gaban jama'a?"

Na ce, "Yaya, nan Masar ce. Babu wanda ya san mu."

Haka na goye shi muka bi dogon baranda har wurin buga fasfo. Ƙafarsa ta dama tana naɗe da bandeji, an saka ta cikin leda, amma duk da haka mutane suna kaucewa suna toshe hanci. Ni da nake ɗauke da shi na fi kowa jin warin, kuma na fi kowa sanin abin da yake nufi.

Yaya Ummaru wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara goma sha huɗu. Mu mutanen Wurno ne, gidan malamai. Mahaifinmu ya rasu ina firamare. Da aka gina madatsar ruwa ta Goronyo, Yaya ya ajiye allo ya koma can ya kama noman rani, albasa da tafarnuwa. Da albasar nan ya yi mini karatu har na zama likita, aka tura ni aiki Rabah. Ciwon suga ya kama shi ya ƙi allurar insulin, ya ce shi ba ya soke kansa kullum kamar an yi masa baki. Wata rana yana ban-ruwa wani ƙarfe ya soke shi a tafin ƙafa. Bai ji ba, domin sugan ya riga ya kashe masa jijiyoyin ji. Matarsa Kulu ce ta ga jini a tabarma bayan kwana biyu.

Ranar da aka kawo mini shi Rabah, yatsu biyu sun yi baƙi. Na san abin da ya kamata. Na sha faɗa wa mutanen Rara da na Giyawa wannan magana ido da ido: a yanke yanzu a tsira da saura. Amma da na ɗaga kai na ga fuskar Yaya sai bakina ya mutu. Na ce za mu gwada wanki da magani. Wata uku ina wankewa ina naɗewa, baƙin yana ci gaba a hankali kamar gara a jikin azara.

A wannan hali ne na ga talla a zauren likitoci na waya. Kwas ne na mako biyu a Alkahira, domin likitocin da ke fama da marasa lafiyar da ciwonsu ya gagara. Za a koyar da magani da feftayid da kuma ƙwayoyin halittar jiki. An jera hotunan ƙafafu, ga su a ruɓe, ga su a warke. A ƙasa an rubuta cewa likita na iya zuwa da mara lafiyarsa. Wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Wanda ya tarbe mu a waje wani Bahaushe ne mai suna Sanusi, tafintan masu kwas ɗin. Ya ce karatu ya kawo shi shekaru da dama da suka wuce, zama ya kama shi. Bakinsa zaƙi kamar rake. Tun a mota ya fara kiran Yaya da Baba, yana cewa ƙafafun da suka fi wannan lalacewa ya gani da idonsa sun taka ƙasa. Ya kai mu wani dogon gini a wata unguwa mai cunkoso, ya ce ɗakinmu na hawa na biyar. Na tambaye shi na'urar hawa, ya ce gobe za a gyara. Har muka bar ƙasar ba a gyara ba. Ya karɓi abin da zai karɓa, ya ce yana da wasu baƙin, ya tafi ya bar mu a gindin matakala.

Mai gadin ginin ne ya fito daga wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakalar. Dattijo ne dogo, da jallabiya da rawani, sunansa Ammu Ragab. Ya dubi Yaya, ya dubi matakala, ya koma ciki ya ɗauko kujerar roba. Muka ɗora Yaya a kai, shi a gaba ni a baya, muna hutawa a kowane hawa. Na yi masa godiya da Larabcin da na koya a zauren gidanmu, sai ya fashe da dariya ya ce ina magana kamar liman a kan mumbari. Daga baya na gane shi ma manomi ne daga kudancin ƙasar, gona ce ta yi wa 'yan gidansu kaɗan ya taho birni. Da ya ji sana'ar Yaya, washegari ya hau da albasa guda a hannu ya miƙa masa. Yaya ya juya ta, ya matsa wuyanta da yatsa, ya shinshina, ya girgiza kai.

"Ka ce mishi an cire ta ba ta nuna ba. Wagga ba ta wata biyu cikin rudu."

Na fassara, na bayyana masa cewa rudu shi ne rumbun da muke ajiye albasa. Ammu Ragab ya tafa hannu ya ce wallahi gaskiya ne. Tun daga ranar, in na tafi kwas, shi ke hawowa ya zauna da Yaya. Babu mai jin yaren wani, amma nakan dawo in tarar da su suna gardama da hannu.

A zauren wani otal ake yin kwas ɗin. Likitoci ne daga ƙasashe daban-daban, kowa da littafin rubutu. Mai koyarwar, Dokta Wa'il, mutum ne mai kyan shiga da iya magana. Abin da ya fara da shi gaskiya ne, na san shi tun a jami'a. Feftayid ƙananan guntayen furotin ne da jiki ke aikawa kamar 'yan saƙo, su ce wa wannan gaɓa yi kaza, su ce wa waccan bar kaza. Akwai kuma ƙwayoyin halitta a ɓargo da cikin kitse waɗanda ke taimaka wa nama ya sake tsirowa. Daga nan sai ya yi tsalle. Ya ce da waɗannan biyu babu gyambon da ba ya rufewa, babu gaɓar da ba ta farfaɗowa. Hotuna suna ta wucewa a bango. A bayan zaure kuma ga tebur, ga akwatunan sanyi cike da ƙananan kwalabe, ana sayarwa bayan kowane darasi. Na ɗauki ɗaya na duba. Babu sunan wanda ya haɗa, babu lambar rajista. Na ajiye, na ce wa kaina wataƙila haka tsarin ƙasarsu yake.

A rana ta uku na ɗaga hannu. Na ce in jijiyoyin jinin ƙafa sun toshe, kuma ciwo ya kai ƙashi, ta wace hanya maganin zai isa wurin? Ya yi murmushi ya ce, "Ɗan'uwana daga Najeriya, da shakka ka zo ko da mara lafiya?" Aka yi dariya. Wata likita 'yar Kenya da ke kusa da ni ta rubuta wani abu a gefen littafinta ta turo mini: tambaye shi ina hotunan waɗanda ba su warke ba. Ban tambaya ba. Ita kuwa washegari kujerarta babu kowa.

A rana ta biyar aka yi wa Yaya aikin. Asibitin nasu ɗakuna uku ne a saman wani shagon takalma. Kafin mu shiga Sanusi ya miƙo mini takardu da ƙananan rubutun Larabci, yana nuna mini inda zan sa hannu, yana cewa Dokta na sauri. Na sa. Suka zuƙi kitse daga cikin Yaya da sirinji, suka juya shi a wata na'ura, suka yi ta soka abin da ya fito a kewayen ciwon. Ba su ɗauki hoton jijiyoyin jini ba. Ba su ma taɓa bayan ƙafar sun nemi bugun jini ba, abin da ɗalibin shekarar farko a asibiti zai yi. Ina tsaye ina kallo, hannuwana a aljihu. Suka ba mu kwalabe goma sha biyu, a yi masa allura a fatar ciki safe da yamma. Mutumin da ya shekara shida yana gudun insulin ya ɗage rigarsa da kansa.

"Wanga na Masar na," ya ce. "Ba irin naku ba."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana tsawo. Yaya ya kasa cin wakensu da gurasa. Fura yake so, ko tuwon dawa da miyar kuka. Na yi yawo kasuwa neman gero, aka kai ni wurin masu sayar da abincin tsuntsaye. Na saya, Ammu Ragab ya kai aka niƙa, na dama kunu a butar shayi. Yaya ya sha rabin kofi ya ce da ƙanshin gida amma babu gidan a ciki. Kullum da hantsi Kulu takan kira. Lokacin dashen albasa ne. Yakan sa ta miƙa wa babban ɗansa wayar a gona, ba don ya yi magana ba, sai don ya ji ƙarar injin ban-ruwa. Yakan kara wayar a kunne ya lumshe ido, ni kuma in juya baya in yi kamar ina karatu.

Ina buɗe bandejin kullum. Kullum sai in ga abin da nake tsoro, in rufe, in ce masa da sauƙi.

Kwana huɗu bayan aikin, na dawo daga kwas bayan Azahar na tarar da Ammu Ragab a bakin ƙofa yana jirana. Yaya na kwance yana karkarwa, jikinsa kamar garwashi. Baƙin ya haura idon sawu, ƙwaurin ya kumbura yana sheƙi. Na danna fatar da yatsa na ji tana ƙara kamar ana taka busasshen ganye. Duk likita ya san wannan ƙara. Yaya ya buɗe ido bai gane ni ba.

"Ku buɗe ruwa," yake cewa. "Ku buɗe, fangalin ƙarshe bai sha ba."

Na kira Sanusi. Ya ce kada in damu, alamar magani na aiki ke nan, jiki na fitar da dauɗa. Na ce ya haɗa ni da Dokta Wa'il, ya ce ya yi tafiya. Na sake kira, wayar a kashe. Na sauka da gudu na tari mota zuwa saman shagon takalma. Wata mata a bakin tebur ta saurare ni har na gama, ta buɗe durowa ta ciro takardun da na sa wa hannu, ta ɗora yatsa a kan wani layi ta karanta mini a hankali. Ni ne likitan da ke kula da mara lafiyar. Su hidima kawai suka yi bisa buƙatata, kuma duk abin da ya biyo baya a wuyana yake. Na tsaya ina kallon sa hannuna. Na so in yi ihu, in kife teburin. Amma layin bai yi ƙarya ba.

Da na komo, Ammu Ragab ya riga ya kira wani ɗan garinsu mai tasi. Muka sauko da Yaya a kujerar roba. Ban san sunan asibitin da za mu ba, ban tambaya ba. Hanya ta cushe, motoci sun tsaya cik, kan Yaya a cinyata, ina ƙirga numfashinsa ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Ammu Ragab ya fita daga motar, dattijo da rawani, yana dukan gilashin motocin gaba yana roƙo a ba mu hanya.

Babban asibitin koyarwa ne, cike da talakawan ƙasar, wasu a kan benci wasu a ƙasa. Aka sa wa Yaya ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, aka kira likitar jijiyoyin jini. Dokta Nadiya tsohuwa ce gajera, da tabarau a rataye a wuya, ba ta da fara'a. Ta ɗauko 'yar na'urar da ke jiyo gudun jini ta ɗora a bayan ƙafar. Shiru. Ta ɗora a bayan gwiwa. Shiru. Sai da ta kai matsematsi sannan muka ji ƙarar jini na tafiya. Ta ga tabon allurai a kewayen ciwon, ta tambaya, na ciro kwalba ɗaya na ba ta. Ta juya ta, ta jefa a kwandon shara.

"An ce kai likita ne."

Na ce e.

"Tun yaushe ka sani?"

Na ce wata uku da 'yan kwanaki.

 Na ɗauka za ta zage ni, kuma da na fi so ta zaga. Sai ta ce, "Ilimin ƙwayoyin halitta ba ƙarya ba ne. A nan ma muna bincike a kansa, a kan mutanen da aka zaɓa da kyau, kuma har yanzu ba mu san iyakarsa ba. Amma ba a zuba shi a naman da ya mutu. Feftayid kake nema wa ɗan'uwanka? Insulin ma feftayid ce, ita ce ya fi buƙata shekarun nan, kuma tana nan a garinku." Ta shata layi da yatsa a cinyarsa, saman gwiwa. "Daga nan. Yau. In aka kai gobe ba ƙafa za mu yi magana a kai ba."

Ta ce dole shi da kansa ya amince, kuma zazzaɓin ya ɗan sauka, hankalinsa ya dawo. Ta ce za ta faɗa masa, ni in fassara kawai. Na ce a'a, ni zan faɗa.

Na jawo kujera kusa da gadon. Magariba ta yi, ana jin kiran salla daga masallatai da yawa a lokaci guda.

"Yaya, ƙahwar ga ba ta zama."

Bai firgita ba. Ya ce, "Daga ina?"

Na ɗora hannu a cinyarsa. Ya kalli wurin.

"In da a Rabah anka yanke, ranar da sunka kawo ni, daga ina za a yanke?"

Na so in ce Allah kaɗai Ya sani. Na miƙa hannu na nuna masa gindin yatsu. Ya bi tazarar da ido, daga yatsu zuwa cinya, a hankali, kamar mai auna gona.

"Da na taka ƙasa ke nan."

"Da ka taka, Yaya. Da sanda ma ba lalle ba. Ni na cuce ka. Na sani tun ranar, na kasa hwaɗi."

Kuka ya ƙwace mini a gaban baƙin mutane. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya ce, "Share idonka, kana ba ni kunya. Kana tsammanin ban sani ba? Shekara talatin ina cire ruɓaɓɓar albasa cikin mai kyau. Ranar nan na ga huskarka, na gane. Na roƙi Allah kada ka hwaɗi, kuma ba ka hwaɗi ba. Mu biyu munka yi ta." Ya numfasa. "Amma kai anka kai makaranta, ba ni ba. Wannan ka riƙe shi."

Na ce na riƙe.

"To kira tsohuwar. Ina zan dangwala?"

Ya fita daga ɗakin tiyata da rai. Kwana uku yana tsakanin nan da can, a na huɗu ya nemi kunu.

Washegarin aikin wani ma'aikaci ya kira ni ya ba ni takarda, ya ce tunda mu Musulmi ne, ko za mu karɓi ƙafar da aka yanke mu binne? Ban taɓa tunanin wannan ba, ni da na sha aika dangin marasa lafiya da irin wannan ƙunshi. Ammu Ragab ne ya sayo farin ƙyalle. Muka shiga tasin ɗan garinsu, ƙunshin a kan cinyata. Ban zaci ƙafa na da nauyi haka ba. Muka fita bayan gari zuwa wata maƙabarta, mai gadinta ya duba takardar ya nuna mana wani gefe kusa da katanga. Na karɓi shebur na haƙa da kaina. Ƙasar wurin rairayi ce fara, ba irin baƙar laka ta fadamar Rima da ƙafar ta saba takawa ba. Ammu Ragab ya yi addu'a da Larabcinsa, na yi da nawa, muka rufe.

Da Yaya ya farfaɗo sosai ya tambaye ni ko na sa wa wurin alama. Na ce ban sa ba. Ya ce madalla.

Ranar da za mu taho, Ammu Ragab ya raka mu har bakin mota. Ya rungume Yaya, suka yi ta magana kowa da yarensa. Na ciro abin da ya rage a aljihuna zan ba shi, ya maƙale hannuwansa a baya ya ɓata rai, har sai da na mayar. Sanusi kuwa ya aiko mini saƙo cewa takardar shaidar kammala kwas ta fito, in zo in karɓa. Ban amsa ba.

Yanzu Yaya na yi wa kansa insulin safe da yamma, Kulu ce ke ajiye masa ita a cikin randa. Da amalanken jaki ake kai shi gona. Dashen shekarar ya wuce shi, amma na bana da shi aka yi, yana zaune a kan buhu a bakin hanyar ruwa yana yi wa 'ya'yansa faɗa. Ranar wata Asabar na taso daga Rabah na same shi a can. Muna cikin gaisawa na ga ya miƙa hannu ƙasa da dungulmin, yana sosa iska.

"Attahiru, tafin ƙahwar nan da babu shi ke mini ƙaiƙayi. Tun jiya. Mi za a ba ta?"

Na duba hannunsa a inda ƙafar ya kamata ta kasance. Na ce, "Akwai abin da ke rage shi, zan kawo maka. Amma wanda zai kashe shi gaba ɗaya, babu, Yaya. Wataƙila da shi za ka zauna."

Ya ɗago ya kalle ni, ya gyaɗa kai.

"To," ya ce. "Ka hwaɗi gaskiya, ka ga ai ba ka mutu ba."

Ya juya ya ƙwala wa ɗansa kira ya rage ruwan, ya yi yawa.